Babi na Huɗu: Albashi Ba Ya Ƙirga Bakuna

A Amurka, mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikaci shi ne dala 7 da santi 25 a kowace awa, kuma tun watan Yulin 2009 yake tsaye a nan bai motsa ba. Mu ɗauki uwa mai 'ya'ya biyu wadda ke wanke-wanke a gidan sayar da abinci ko gyaran ɗakuna a otel a kan wannan kuɗi. In ta yi awa 40 kowane mako har mako 52, ba fashi, ba jinya, ba hutu, za ta tashi da dala 15,080 a shekara. Ita kuwa gwamnatin ƙasar, a ma'aunin talaucin da ta fitar na 2024, cewa ta yi gida mai mutum uku sai ya samu dala 25,820 kafin a cire shi daga sahun matalauta. Ke nan tsakanin gumin matar nan da rufin asirin gidanta akwai ramin dala 10,740. Kada mai karatu ya juya kuɗin zuwa naira ko sefa ya ga kamar dukiya ce. A can ake samunsa, a can ake kashe shi, a ƙasar da hayar gida mai ɗaki biyu a yawancin birane ta haura dala 1,000 a wata, kuma a garuruwa da yawa wanda ba shi da mota ba shi da hanyar zuwa wurin aiki.

Ba lalaci ne ya haƙa wannan rami ba, tunda matar ba ta zauna ba. Abin da ya haƙa shi yana cikin yadda ake yanka albashi tun asali. Mai kamfani aiki yake saye, farashin aiki kuma yake biya. Saurayin da ke kwana a gidan iyayensa da uwar da ke ciyar da baki uku, in a teburi ɗaya suke tsaye, kuɗi ɗaya za su karɓa. Ba kuma yadda za a yi doka ta tilasta wa mai kamfani biya gwargwadon yawan 'ya'ya, domin ranar da aka yi haka, ranar zai fara tambayar masu neman aiki ko suna da yara, ya zaɓi marasa su, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Albashi ba ya ƙirga bakuna, tukunya kuwa tana ƙirgawa kullum safe da dare. Dole ke nan a samu wanda zai ɗauki nauyin wannan ƙirge, kuma babu wanda ya dace da shi kamar baitulmalin jama'a, domin yaran da ake reno a gidan nan su ne ma'aikata da malaman jinya da masu biyan harajin gobe, kowa zai ci moriyarsu, har wanda bai haifa ba. Matsayina shi ne cika wa iyaye masu ƙaramin albashi kuɗi daga aljihun gwamnati daidai ne, wajibi ne ma, sai dai cikon ba ya iya tsayuwa shi kaɗai. Shekara 50 da Amurka ta yi tana gwada wannan tsari sun nuna amfaninsa, sun kuma nuna inda yake yoyo.

Tsarin ya fito ne daga wata rigima da aka kai ruwa rana a kanta. A 1962 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya kawo shawarar a riƙa raba tallafi ta hannun hukumar haraji: wanda samunsa ya haura wani mizani ya biya gwamnati, wanda nasa ya gaza gwamnati ta biya shi. A 1969 Shugaba Richard Nixon ya gabatar da shiri mai kama da haka, wanda zai tabbatar wa gida mai mutum huɗu dala 1,600 a shekara. Majalisar Wakilai ta amince da shi har sau biyu, amma ya mutu a Majalisar Dattawa, inda shugaban kwamitin kuɗi, Sanata Russell Long na jihar Louisiana, ya tsaya kai da fata cewa ba za a ba wanda ba ya aiki albashin zama ba. Abin da Long ya kawo a madadinsa shi ne tukwici ga wanda ya fita nema. A 1975, zamanin Shugaba Gerald Ford, shawarar ta zama doka, da sunan da Amurkawa ke taƙaitawa EITC, wato rangwamen haraji a kan kuɗin da mutum ya samu da guminsa. Ƙarami ya fara, kashi 10 cikin ɗari na dala 4,000 ta farko, iyakarsa dala 400, kuma na wucin gadi. A 1978 aka mai da shi na dindindin. Ronald Reagan ya faɗaɗa shi a 1986, George Bush babba a 1990, Bill Clinton ya yi masa babban ƙari a 1993, Barack Obama ya ƙara wa masu 'ya'ya uku a 2009. Da wuya a samu wani shirin taimakon talaka da manyan jam'iyyun ƙasar biyu suka yi ta miƙa wa juna haka. Dalili kuwa kowa da abin da yake hange a ciki: 'yan Republican suna ganin ladan mai aiki, 'yan Democrat suna ganin abincin yaro.

Yadda kuɗin ke tafiya kamar tudu ne mai hawa da shimfiɗa da gangara. A wajen hawa, duk dalar da uwa ta samu da aikinta gwamnati na ɗora mata santi 34 in ɗa ɗaya gare ta, santi 40 in biyu ne, santi 45 in uku ne ko fiye. A 2024 mai 'ya'ya biyu tana kai ƙololuwa in samunta ya kai dala 17,400, inda cikon ke zama dala 6,960. Daga nan sai ya tsaya cik har samunta ya kai dala 22,720, sannan a shiga gangara, ana zare santi 21 daga kowace sabuwar dala, har cikon ya ƙare a dala 55,768. Matar da muka fara da ita tana kan hawa, kashi 40 cikin ɗari na dala 15,080 ke nan, dala 6,032. Muhimmin abin lura shi ne ko da babu harajin da ake bin ta, kuɗin a hannu ake ba ta. Babu layi a ofishin jin daɗin jama'a, babu jami'in da zai zo ya leƙa ɗakinta. Takardar harajin da attajiri ke cikewa a farkon shekara ita take cikewa, hukumar tara haraji ta ƙasa, IRS, ta turo mata kuɗi a asusu. Gidaje kimanin miliyan 23 ne ke karɓa a 'yan shekarun nan, abin da ke cin wajen dala biliyan 60 a shekara.

Abin da kuɗin nan ya yi a rayuwar yara shi ne ginshiƙin hujjata. A 2018 kaɗai an ƙiyasta ya fitar da mutum miliyan 5.6 daga ƙangin talauci, kimanin miliyan 3 daga cikinsu yara. Tunda an yi ta faɗaɗa tsarin a shekaru daban-daban, kuma ƙarin bai zo wa kowa daidai ba, masana sun samu damar kwatanta gidajen da ƙari ya shafa da makamantansu da bai shafa ba. Hilary Hoynes da abokan aikinta biyu, a binciken da suka buga a 2015, sun gano ƙarin dala 1,000 yana rage yawan jariran da ake haifa ba su kai kilo biyu da rabi ba da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Gordon Dahl da Lance Lochner sun nuna a 2012 cewa makin yara a lissafi da karatu yana ɗagawa in samun gida ya ƙaru ta wannan hanya, kuma ɗagawar ta fi yawa a gidajen da suka fi talauci. Jacob Bastian da Katherine Michelmore sun bi sawun yaran har girmansu, suka tarar waɗanda gidajensu suka fi samun cikon sun fi kammala sakandare da samun aiki. Babu abin mamaki a nan ga duk wanda ya san gida. Uwar da ba ta kwana da fargabar mai gidan haya tana da sauran haƙurin da za ta zauna da ɗanta a kan aikin makaranta, mai ciki da ta ƙoshi kuma ɗanta ne ya ƙoshi. Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa kamawa sosai. Kathryn Edin da abokan aikinta sun zauna da gidaje 115 a birnin Boston, suka fitar da littafi a 2015. Sun tarar mafi yawan kuɗin yana tafiya ne wajen biyan bashi da kuɗin wuta da haya da sayen kayan gida, sannan iyayen ba sa jin kunyar karɓarsa yadda ake jin kunyar tsohon tallafin marasa aiki. A wurinsu haƙƙin gumi ne. Mutunci ba ƙaramin abu ba ne a tsarin taimako, domin taimakon da ke zubar da girman uba a gaban 'ya'yansa ya ɗauke da hagu wani abu daga abin da ya bayar da dama.

Tsohon zargin da ake yi wa duk tallafi shi ne yana kashe zuciya. A nan zargin bai samu wurin zama ba, tunda wanda bai yi aiki ba ko sisi ba ya samu. Nada Eissa da Jeffrey Liebman sun auna ƙarin 1986 suka ga yawan iyaye mata masu riƙe da gida su kaɗai da suka shiga aiki ya ƙaru da kusan uku a cikin kowace ɗari. Bruce Meyer da Dan Rosenbaum sun danganta fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙaruwar aikin irin waɗannan mata tsakanin 1984 da 1996 ga wannan ciko da sauye-sauyen harajin da suka zo da shi. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin magana ta ƙare, sai a 2019 Henrik Kleven na Jami'ar Princeton ya sake tono alƙaluman, ya ce a duk faɗaɗawar da aka yi, ta 1993 ce kawai aka ga aiki ya ƙaru sosai bayanta, ita kuwa ta zo daidai da bunƙasar tattalin arziki da kuma tsaurara dokar tallafin marasa aiki, don haka da wuya a ce ga wanda ya jawo. Muhawarar tana nan tsakanin masana. Amma ko an ba Kleven gaskiya ɗungurungum, abin da ya nuna shi ne cikon bai tura mutane aiki yadda ake zato ba. Bai ce ya zaunar da su ba. Jaririn da aka haifa da cikakken nauyi yana nan da nauyinsa ko wane ɓangare ya yi rinjaye.

Sukar da ta fi nauyi daga wajen masu kare ma'aikata take fitowa, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Cewa suke yi in gwamnati ta ɗauki alkawarin cike giɓi, me zai sa mai kamfani ya ƙara albashi? Sai ya biya ɗan abin da ya ga dama, mai biyan haraji ya cika masa, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Wannan tsoro ya girmi Amurka ta yau. A 1795, lokacin da yaƙi da Faransa da rashin kyawun damina suka tsauwala farashin burodi a Ingila, alƙalan yankin Berkshire sun taru a ƙauyen Speenhamland suka yanke cewa a riƙa cika wa leburorin gona lada daga kuɗin jama'a, gwargwadon farashin burodi da yawan iyalin mutum. Bayan shekara kusan 40 wani kwamitin gwamnati ya ɗora wa tsarin laifin karya lada da lalata leburori, aka soke shi da dokar 1834, aka koma tura mabuƙata gidajen aikin dole inda ake raba miji da mata, uwa da ɗa. Daga baya masana irin su Mark Blaug, a 1963, sun nuna hujjojin kwamitin ba su da ƙwari, kuma talaucin karkarar Ingila yana da wasu dalilai da suka fi ciko ƙarfi. Darasin da nake ɗauka daga wannan tarihi shi ne maganin da aka kawo ya fi cutar muni, kuma yara ne suka sha shi.

Duk da haka sukar tana da ƙamshin gaskiya, kuma an auna ta. Hanyar da kuɗin ke zurarewa ba sai mai kamfani ya ƙulla wata maƙarƙashiya ba. In ciko ya jawo ƙarin mutane suka fito neman aiki iri ɗaya, masu nema sun yi yawa ke nan, farashin aikin sai ya sauka, kamar yadda tumatir ke arha ranar da motoci suka cika kasuwa. Jesse Rothstein ya yi wannan lissafi a 2010, ya ce a ƙiyasin da ya fi amincewa da shi, duk dalar da gwamnati ta kashe santi 73 ne ke zama ƙarin samu a hannun ma'aikata, sauran ya tafi wajen masu ɗaukar aiki ta hanyar saukar albashi. Mafi ciwo, ma'aikacin da ba shi da yara yana shan saukar albashin ba tare da cikon kirki ba, domin nasa rabon a 2024 bai wuce dala 632 ba. A 2020 kuma ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokokin ƙasar ya fitar da rahoto cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na manya masu albashi da ke karɓar tallafin abinci ko na jinya cikakken aiki suke yi, kuma a jihohin da aka duba, Walmart da McDonald's suna cikin kamfanonin da suka fi yawan irin waɗannan ma'aikata. Wanda ya ce jama'a na ɗaukar wani ɓangare na nauyin da ya kamata manyan kamfanoni su ɗauka bai yi ƙarya ba.

Sai dai in guga na yoyo, liƙe shi ake yi, ba a fasa ɗiban ruwa. Abin da ke liƙe wannan yoyo shi ne mafi ƙarancin albashi mai ƙarfi, wanda ke tafiya da tsadar rayuwa. In doka ta kafa ƙasan da albashi ba zai nutse ya wuce ba, yawan masu neman aiki ba zai iya jan farashi zuwa ƙasa ba, cikon sai ya tsaya a hannun wanda aka nufa da shi. Birtaniya ta gane haka. A watan Afrilun 1999 ta kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya karon farko, fam 3.60 a awa, a watan Oktoban shekarar kuma Ministan Kuɗi Gordon Brown ya ƙaddamar da sabon cikon iyalai masu aiki. Tare aka ɗaura su, kamar shanun huɗa biyu. Amurka kuwa ta bar ɗaya yana ja, ɗaya na kwance. Cikon yana hawa kowace shekara daidai da hauhawar farashi tun bayan dokar 1986, shi kuwa dala 7.25 ya zubar da fiye da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin sayensa tun 2009. Jihohi kimanin 30 sun yi gaban kansu sun ɗaga nasu, sauran 20 suna nan a kan na tarayya, da yawansu a kudancin ƙasar inda talauci ya fi katutu.

Wani zai ce to a ɗaga albashi kawai mana a huta da ciko. Wannan ma ba ya fita, saboda dalilin da muka fara da shi: mafi ƙarancin albashi shi ma ba ya ƙirga bakuna. Adadin da zai wadaci gwauro ba zai riƙe gida mai yara uku ba, adadin da zai riƙe gida mai yara uku kuwa yana iya sa ƙananan masu sana'a su rage ma'aikata. A 2019 ofishin kasafin kuɗi na Majalisar Dokoki ya auna shawarar kai albashi dala 15 a awa, ya ce mutum miliyan 17 za su samu ƙari kai tsaye, miliyan 1.3 za su fita daga talauci, amma a matsakaicin ƙiyasi ayyuka miliyan 1.3 za su salwanta. Ana jayayya a kan adadin na ƙarshe, amma babu mai hankalin da zai ce albashi yana iya hawa ba iyaka ba tare da wani ya rasa gurbinsa ba. Albashi ya biya darajar aiki, ciko ya biya nauyin iyali, kowanne da aikinsa.

Gangarar tudun tana da nata ciwon. Uwa mai 'ya'ya biyu da ke samun dala 40,000, in aka yi mata ƙarin dala ɗaya, za a zare santi 21 daga cikonta, santi 7.65 na asusun fansho da jinyar tsofaffi, santi 12 na harajin samu, jimla kusan santi 41, abin da ya haura kashi 37 cikin ɗari da ake yanka a matakin ƙoli na harajin samun attajirai. Haka kuma ma'aikata biyu masu ƙaramin albashi in suka yi aure aka haɗa samunsu, cikon yana iya raguwa sosai, kuma an ga alamun wasu matan aure suna ja da baya daga aiki saboda haka. Babu yadda za a kawar da wannan gaba ɗaya, domin duk tallafin da aka keɓe wa mai ƙaramin ƙarfi dole ya ƙare a wani wuri. Abin da ake iya yi shi ne a sassauta gangarar, kuɗi kuma yake ci.

Maganar zamba ita ma ana yawan ɗaga ta, tunda hukumar IRS da kanta tana ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, wasu shekarun ma fiye, ba a biya shi daidai da ƙa'ida ba. Adadi ne babba, bai kamata a rufe ido a kansa ba. Amma in aka buɗe shi, kuskure mafi tsada shi ne na wanda ya cancanci ya sa yaro a takardarsa. Doka ta ce sai yaron ya zauna da mutum fiye da rabin shekara, rayuwar talaka kuwa ba ta bin layin takarda. Aure ya mutu, yaro wata huɗu wurin uwa, wata biyar wurin kaka, sauran wurin uba, kowa ya ciyar, kowa yana ganin shi ne mai riƙo. Rikitarwar nan da ke sa wasu karɓar abin da ba nasu ba ita ce dai ke sa kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanta ba sa nema ko kaɗan, wasu kuma sai sun biya masu cike takardu daga cikin ɗan abin da za su samu. Martanin hukuma ya fi karkata ga bin diddigi maimakon sauƙaƙa doka. A 2019 kafar binciken labarai ta ProPublica ta bayyana cewa gundumar da aka fi binciken takardun harajin mutanenta a duk Amurka ita ce Humphreys a jihar Mississippi, yankin masu kiwon tarwaɗa, matalauta, mafi yawansu baƙar fata. A 2023 wani bincike da masanan Jami'ar Stanford suka jagoranta ya gano ana binciken baƙar fata ninki uku zuwa kusan biyar na sauran jama'a, kuma yawancin bambancin daga wajen masu neman wannan ciko yake, hukumar kuma ta amsa cewa akwai matsalar. Ƙasar da ke sa ido a kan dala dubu uku ta mai wanke-wanke fiye da yadda take sa wa miliyoyin masu ɓoye riba ta jirkita ma'aunin adalci. Ga kuma lokacin biya. Sau ɗaya ake bayarwa a shekara, kuma wata doka ta 2015 ta hana sakin kuɗin kafin tsakiyar Fabrairu. Iyalai da yawa suna son dunƙulen, kamar kwasar adashi, da shi ake gyara mota ko biyan kuɗin kama sabon gida, shi ya sa da aka ba da zaɓin karɓa kaɗan-kaɗan cikin albashi kimanin kashi 3 cikin ɗari ne suka ɗauka, har aka soke zaɓin bayan 2010. Amma haya wata-wata ake biya, kuma bashin da aka ci da ruwa a watan Satumba ya riga ya cinye wani yanki na kuɗin Fabrairu.

Babban giɓin dai yana can ƙasan tudun, inda hawa ke farawa daga sifiri. Sharaɗin da Russell Long ya gindaya, wanda ya sa tsarin ya samu karɓuwa, shi ne kuma ya sa yaron da ya fi kowa buƙata ba ya samun komai. Uwa ta kwanta ciwo, masana'antar garin ta rufe, ko an haifi yaro mai lalurar da ba a iya barinsa, sai albashi ya tsaya, ciko ma ya tsaya tare da shi, a daidai lokacin da gida ya fi buƙatarsa. Da can akwai tallafin kuɗi na iyalai marasa aiki, amma dokar 1996 ta sa masa wa'adin shekara biyar da sharuɗɗan aiki, ta miƙa wa jihohi wuƙa da nama. A 1996, cikin kowane gida 100 na matalauta masu yara, 68 suna samunsa. Zuwa 2020 saura 21. Yaro bai zaɓi iyayensa ba, bai kori uwarsa daga aiki ba, bai rufe masana'anta ba. Ana iya gindaya wa babba sharaɗi a kan ladan aikinsa, amma ban ga hujjar gindaya wa ɗan shekara uku sharaɗi a kan abincinsa ba.

Amurka ta gwada amsar wannan sau ɗaya. A 2021, cikin annobar korona, an faɗaɗa wani rangwamen na daban da ake bayarwa a kan kowane yaro, ya koma dala 3,600 ga ɗan ƙasa da shekara 6, dala 3,000 ga na sama da haka har 17, aka cire sharaɗin samu, aka riƙa biyan rabinsa wata-wata daga Yuli zuwa Disamba. Talaucin yara, a ma'aunin hukumar ƙidaya mai haɗawa da tallafi, ya sauko daga kashi 9.7 cikin ɗari a 2020 zuwa 5.2, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Akwai wasu kuɗaɗen agajin annoba a ciki, amma hukumar ta ware ta ce wannan rangwame kaɗai ya fitar da yara miliyan 2.9. Masana a Jami'ar Chicago sun yi hasashen in ya ɗore iyaye miliyan 1.5 za su bar aiki, takwarorinsu na Jami'ar Columbia kuma sun duba watannin da aka biya ba su ga aiki ya ragu ba. Wata shida bai isa yanke hukunci na har abada ba, shi ya sa nake ganin a bar cikon mai aiki a inda yake domin ya ci gaba da sa fita nema ta fi zama riba, a shimfiɗa kason yaro a ƙarƙashinsa ba sharaɗi. Majalisar Dattawa ba ta sabunta faɗaɗawar ba, bayan Sanata Joe Manchin na West Virginia ya ƙi goyon bayansa in babu sharaɗin aiki. A 2022 talaucin yara ya koma kashi 12.4 cikin ɗari, fiye da ninki biyu a shekara ɗaya.

A watan Fabrairun 1993 Bill Clinton ya tsaya gaban Majalisar Dokoki ya yi alkawarin cewa duk mai aikin awa 40 a mako da ke da yaro a gida ba zai ƙara zama cikin talauci ba. Mu auna alkawarin da matar da muka fara da ita, a lissafin 2024. Albashinta dala 15,080, cikon aiki dala 6,032, kason yara da ƙaramin samunta ya ba ta damar karɓa dala 1,887, a cire dala 1,154 na asusun fansho da jinya. Abin da ya rage a hannunta dala 21,845 ne. Ciko ya toshe fiye da rabin ramin, kuma wannan aiki ne da ya cancanci a kare shi daga masu son rage shi. Amma in ba a haɗa da katin tallafin abinci ba, bayan shekara 31 da wancan alkawari tana ƙasa da ma'aunin talauci da kusan dala 4,000, kuma cike wannan saura yana hannun majalisar da rabonta da zartar da dokar ƙarin mafi ƙarancin albashi tun 2007.